Makaɗan da Aka Kora Ranar Addu'ar Mama

Ranar addu'ar kwana tara da rasuwar mahaifiyarmu, yayana Radhamés ya kori makaɗa daga ƙofar gida. Tsofaffi uku ne, sun taso tun daga ƙauyen Mama da ke bayan garin Yamasá, kowa da doguwar ganga a kafaɗa. Ina kicin ina sauke shinkafa da wake na ji hayaniya, na fito.

"Ku kwashe itatuwanku," in ji Radhamés. "Nan ba gidan tsafi ba ne."

Babbansu, Secundino, ya cire hula. "Yaro, uwarka ce ta ce mu zo."

"Uwata ba ta san ku ba."

"Shekara arba'in tana ba da waƙa muna amshi. Kai ne dai ba ka san ta ba."

Sunan Mama Ercilia. Wanki da guga ta yi wa masu hali a Santo Domingo har ta kai mu biyar makaranta. In rediyo ya sako palos, kiɗan irin dogayen gangunan nan, sai babanmu ya kashe, ya ce na baƙaƙen mutanen Haiti ne, ba abin da ya haɗa mu. Amma duk shekara, lokacin bikin Ruhu Mai Tsarki, sai Mama ta ce za ta je duba wata gwaggo mara lafiya. Bayan kwana uku ta dawo murya a dishe, ƙafa a kumbure. Gwaggon nan ba ta warke ba, ba ta mutu ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Ranar da aka kore su na bi tsofaffin har tashar mota, na tsayar da Secundino.

"Baba, ka faɗa mini gaskiya."

"'Yata, uwarki 'yar ƙungiyarmu ta makaɗa ce. In ɗayanmu ya rasu, mu kaɗa masa, 'ya'yansa su taka rawa gaban hotonsa, sannan ransa ya kama hanya. Ta gaya wa yayanki a asibiti a yi mata haka, ina tsaye. Ya riƙe hannunta ya ce to."

Bayan wata ɗaya na je ƙauyen. Suna fara kiɗa, mata suka ɗauki waƙa, nan take na gane ta. Waƙar da Mama take yi can ƙasan maƙoshi in tana guga ce. Ina da shekara arba'in da tara na fara jin kalmominta. Wata tsohuwa ta jawo ni fili, ta dube ni ta kwashe da dariya.

"Ji ƙugu kamar katako! Anya ke 'yar Ercilia ce?"

Na taka a haka, ina kuka.

Da na dawo na tare Radhamés. Bai ko musa ba. "Nurys, don hankalinta ya kwanta na amsa. Surukaina suna zaune, mutanen coci suna zaune. So kike a ce me?"

"A ce uwarka baƙa ce mai waƙa. Ƙarya ne, Yaya?"

Ashe ƙannenmu uku duk sun san alkawarin, suka ɓoye mini.

To 'yan'uwana, ku saurara, ku huɗun. A watan Maris Mama za ta cika shekara, ranar ce dama ta ƙarshe da za a sallame ta da kiɗa. Radhamés, kai da ƙafarka za ka je ka ba Secundino haƙuri, ka ɗauko su. A tsakar gida za a kafa gangunan, ƙofa a buɗe. Kai ne babba, kai za ka fara shiga fili.