Ranar da Aka Zaɓi Dokas Daliget

Dokas Joel ta shekara ashirin da biyu tana noman gyaɗa a Gella. Tana matse mai da hannu, tana toya ƙuli a bayan gida, ranar kasuwa ta hau bas zuwa Mubi da jarkokinta. A aji huɗu ta bar firamare, amma in matan ƙungiyar masu man gyaɗa suka saɓa, ita ake kira.

Bara aka gayyaci ƙungiyar zuwa taron mata manoma a Yola, takardar ta ce a turo daliget guda. Duk hannuwa suka nuna Dokas. Ta ƙi, domin daliget ɗin da ta sani su ne waɗanda ake kwasa a mota lokacin zaɓen fid da gwani.

Ta kai takardar wurin maƙwabcinta Baba Ishiyaku, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya.

"Baba, ni fa ba na siyasa."

Ya yi dariya. "'Yata, kalmar nan ta girmi siyasarmu. Turawa ma aro ta suka yi daga Latin, harshen Romawan da. Tushenta aikawa ne. Jama'a su ɗora wa mutum saƙonsu, su ce je ka faɗa a madadinmu."

"Wato 'yar aike?"

"'Yar aiken da aka yarda da ita."

Dokas ta miƙe tana gyara zani, fuskarta cike da fara'a. "To ai wannan tun ina yarinya nake yi."

Kwana uku tana bin gidaje har da gudu-gudu, tana tambayar kowace mace abin da za ta faɗa. Aisatu ta ce injin matsar mai, kafaɗunsu sun gaji. Habibat ta ce iri mai saurin nuna. Dokas ba ta rubuta ba, haddacewa ta yi, tana maimaitawa a mota har Yola.

Da aka miƙa mata lasifika a taron, bakinta bai tsaya ba. Ta kira sunan mata goma sha bakwai, kowacce da saƙonta, da Hausarta ta kasuwa. Zauren ya ɗauki tafi tun ba ta gama ba.

Bayan wata biyar injin ya iso Gella a bayan akori-kura, mata suka raka shi da guɗa. Irin Habibat bai zo ba tukuna. Dokas ta ce ba ta sauke wannan saƙon ba, kuma ta riga ta tambayo ranar taro na bana.