Kifayen da ke Bangon Shagon Teuvo

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Teuvo Alatalo a birnin Tampere ya sha labarin kifayen da ke bango, ko yana so ko ba ya so. Hotuna ashirin da shida ne, daga gefen madubi har bakin ƙofa. Kowanne Teuvo ne tsaye a bakin kogin Tornio, ya rungumi kifin salmon kamar wanda aka miƙa wa jariri ranar suna, haƙora duk a waje. Da ya ɗora maka reza a maƙogwaro ya ce, "Wancan na sama kilo goma sha bakwai ne," sai ka yi haƙuri, don babu wurin gudu.

Abin da ba ya sawa a labarin shi ne wanda ya tuƙa jirgin. A Pello, garin da aka haifi Teuvo a bakin kogin, ko yaro ya san mai tuƙi ne ke kama kifi. Shi ya san inda kifin ke kwanciya, shi ke karkata jirgi da filafili har ƙugiya ta gifta ta gaban bakinsa. Na kujerar baya nasa kawai ya riƙe sandar fatsa ya ja. Shi ya sa in mutum biyu suka shiga jirgi, da zarar kifi ya shigo sai su yi musanyar wuri. Teuvo bai taɓa yin musanyar nan ba. Yayansa Aulis ne ke tuƙi, shi ne kuma ke ɗaukar hoton, don haka babu fuskarsa a bangon ko sau ɗaya.

Teuvo yana da shekara goma sha bakwai ya bar gida ya koyi aski. Aulis ya zauna, yana sarar katako da sanyi, yana shafa wa jirage kwalta da bazara. Kowace shekara Teuvo kan zo hutu da ƙunshin kofi da sabuwar riga, matar yayansa Hilkka ta tare shi a ƙofa.

"Ga ɗan birni! Kawo hannun in gani. Oh, laushi kamar burodi. Aulis, ka shimfiɗa masa matashi a jirgi, kada ya goge."

Ranar tafiya kuma magana ɗaya ce: "Yaya, baɗi zan kai ka birni ka ga duniya." Aulis ya ce, "To."

Shekarar da Aulis ya cika saba'in da huɗu, Teuvo ya makara, ya iso saura kwana biyu a rufe kogi, don daga ƙarshen Agusta ba a taɓa salmon sai wata shekara. Suna shan kofi Aulis ya ce, "Kafaɗun nan sun ƙi, ƙanena. Bana ban shiga ruwa ba ko sau ɗaya. Gobe kai za ka tuƙa, ni in zauna a baya. Ina son in ji kifi a hannuna sau ɗaya kuma."

Rabon Teuvo da filafili tun yana ɗan makaranta. Ga shi a wurin nan ba a shiga ruwa a ɓoye. Jirage layi suke bi, masu jiran layi suna zaune a bakin wuta da butar kofi, ba su da aiki sai kallon tuƙin wanda ke ruwa. A cikinsu akwai tsoho Onni, wanda in ya laƙaba maka suna, da shi za a binne ka. Teuvo ya hango kansa yana juyi a tsakiyar kogi, zaruruwan fatsa sun harɗe, ana ta dariya.

Da safe ya tashi yana dafe da baya, wai doguwar tafiya ce ta ƙage shi. Hilkka ta dube shi ta ce, "Wane bayan? Wanda ya kawo ka teburi da gudu?"

Rana ta ƙarshe Teuvo ya fito da makullin mota yana kaɗawa.

"Yaya, alkawarin nan ya daɗe. Yau sai birnin Oulu."

"Yau ake rufe kogi."

"Kogin yana nan baɗi, ina zai je?"

Aulis ya shiga ɗaki ya sako kwat ɗinsa na zuwa coci.

Teuvo ya yi iya yinsa, ba a raina masa. Ya kai shi kasuwa, ya kai shi babban coci, ya tsayar da shi kusa da wani gunkin ɗan sanda mai ƙaton tumbi ya ɗauke shi hoto. Suka sha romon salmon a wata rumfa. Aulis ya kurɓa sau biyu ya ce, "Na kiwo ne," ya ci burodin kawai. A duk garin wuri ɗaya ne ya riƙe shi, wato matakalar ruwan da aka gina wa kifi a gefen madatsa. Ya jingina da ƙarfe fiye da sa'a guda yana kallon ƙasa.

"Wancan zai kai kilo takwas," in ji shi. Teuvo ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ya ce su tafi kada yamma ta yi.

Kunya ta hana shi sakat duk lokacin sanyi. Ƙanƙara na narkewa ya sami aron jirgi a wani tafki a Tampere, kullum da sassafe kafin ya buɗe shago yana can yana fama da filafili. Hannun burodi ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, har masu zuwa aski suka fara ƙorafin yana kankare musu kunne. Yana cikin haka Hilkka ta bugo waya: ɓarin jikin Aulis na dama ya shanye.

A watan Yuni Teuvo ya tura shi a keken marasa lafiya har bakin kogi. Hannun da zai riƙe sanda yana naɗe a cinya, Hilkka kuma ta rantse ba mai sa mata miji a jirgi. Teuvo ya bi layi, ya shiga shi kaɗai, ko ƙugiya bai ɗaura ba. Ya gangara a hankali, ya karkata inda ake karkatawa, ya dawo. Onni ya zuba kofi ya miƙa masa ba tare da ya ce uffan ba, wanda a wurin Onni babban yabo ne.

"Ka iya," in ji Aulis. Maganarsa ta yi nauyi yanzu, sai an saurara.

"Na koya, Yaya. Saboda kai na koya."

"Na san ba ka iya ba bara. Duk bakin kogin nan sun sani, ɗan'uwana, shekara ashirin da shida suna kallonka a baya. Da ka shiga kawai. Ina zaune ina ce maka hagu, dama. Onni ya yi dariyarsa ta safiya ɗaya, shi ke nan."

Onni ya ce, "Safiya biyu dai."

Aka yi dariya, har da Aulis da rabin bakinsa. Teuvo ma ya gwada, abin ya ƙi. Ya juya yana ɗaure jirgin da ya riga ya ɗaure.

Har yanzu yana aski a Tampere, amma ya rage surutu. Ya ƙara hoto ɗaya a saman madubi, wani tsoho cikin kwat ɗin coci kusa da gunkin ɗan sanda, yana kallon gefe kamar mai jiran a sallame shi. Baƙi sukan tambaya wane ne.

"Yayana ne," in ji Teuvo. "Shi ya kama duk waɗannan."