Abin da Ya Kwanta a Gindin Bututu

Mai Tsami ake ce mata a ɗakin gwaji, don ko da sabulun duniya ta wanke hannu, warin ruwan tsami ba ya barinta. Aikinta shi ne duba kwalaben ruwan da ake ɗebowa daga bakin mahaifar mata don neman cutar daji. In kwalba ta zo jajir da jini, abokan aikinta sukan rubuta "a sake ɗebowa" su huta. Ita kam ko sama da ƙasa za su haɗe, ba ta rubuta wannan. An taɓa rubuta wa yayarta haka. Mijin yayar ya karya mata haƙarƙari biyu a kan zuwanta asibiti na farko, ina ta ga na biyu? Bayan shekara uku cutar ta ci ta, aka binne ta.

Shi ya sa Mai Tsami take zuba ruwan tsami ya fasa jinin, ta juye a ɗan bututun gwaji, ta sa a injin juyawa, ta tsiyaye jan ruwan cikin kwalbar da ya zo a ciki, ta riƙe ɗan farin garin da ya kwanta a gindin bututu. Wannan garin ake dubawa.

Wata rana da hantsi, ta gama tsiyaye na wata mata ke nan, wani ƙato ya banko ƙofa. Matarsa ce, ta zo jiya a ɓoye, shi kuma ya tsinci takardar asibiti a jakarta.

"Ina abin da kuka cire a jikin matata?"

"Malam, fita. Nan ba wurin shigowa ba ne."

Marin da ya sauke mata sai da ta ga wuta. Ya shaƙe ta, ya gwara kanta da bango har goshinta ya fashe. Ba ta ko kare fuska ba, hannunta yana dunƙule a bayanta. Da ya hango kwalba mai sunan matarsa cike da jan ruwa, ya maka ta da ƙasa, ya tattake.

"To, ku gwada ƙasa," in ji shi, masu gadi suna jansa waje.

Sakarai, dusa ya zubar, tsaba tana hannunta.

Aka ce ta je a ɗinke mata goshi, ta ce sai ta gama. Ta shimfiɗa garin a gilashi, ta rina, ta leƙa madubin ƙara girma da idon da bai kumbura ba. Cutar ta soma, amma ba ta yi nisa ba.

"Ku nemo matar," ta ce wa likita. "Ta hannun 'yan'uwanta, ba mijinta ba."

Sannan ta zauna a ƙasa cikin fasassun kwalabe, ta fashe da kuka tana kiran yayarta.