Santir ɗin da Bai Kama Ba

Har gobe ban manta da ranar da Lawali ya shigo garajinmu na Zango a Wagadugu da kujerar jariri a hammata ba. Da damina ne, shekarar 2006. Ni ne shef na ɓangaren wuta a lokacin, wato duk abin da ya shafi waya da batir da fitila a mota ni ake kawo wa, kuma a bisa kaina babu kowa sai mai garajin, Alhaji Bukari, wanda muke kira patoro. Ku da kuka shigo aikin daga baya, ku saurara da kyau, don ban cika son ba da wannan labari ba.

Lawali mutumin Doso ne, yana jigilar atamfa tsakanin Wagadugu da Yamai a cikin wata furgo da ya saya daga Lome. Motar kaya ce, ba ta da kujerun baya, sai guda uku a gaba: ta direba, ta tsakiya, da ta bakin ƙofa. Duk unguwa an san abin da ya same shi shekarun baya. Ɗansu na fari ya rasu a hanya, yana kan cinyar uwarsa Ramatu, da direban bas ya taka birki da ƙarfi. Sun daɗe ba su sake samu ba, sai a wannan shekara Allah ya ba su namiji. Ramatu ta rantse ba za ta ƙara ɗora ɗa a cinya cikin mota ba.

Ya ce mini, "Malam Idi, an bugo daga gida, jikin tsohuwata ya yi tsanani. Ba abin da take kira sai a kawo mata jikanta ta gani. Ga kujera na samu. Wanda ya sayar mini ya ce sai an kashe erbak kafin a ɗaura ta a gaba. Yau nake son mu kama hanya."

Ga wanda bai sani ba, erbak wata jaka ce da ke ɓoye cikin tablo, wato allon gaban mota da ke gaban mai zama. In an yi karo sai ta fashe da iska ta tare mutum. Babba takan cece shi. Amma jariri ana ɗaura kujerarsa ne yana kallon baya, ƙeyarsa dab da tablo, don haka bugun jakar kaɗai ya isa ya kashe shi. Inda mota ke da kujerun baya, can ne wurin yaro, babu wata magana. Ta Lawali ba ta da su, kuma ba ta da ɗan makullin gefe da ake murɗawa a kashe jakar, sai dai a bi ta waya.

Aikin ba mai wuya ba ne. Na cire kan batir, na dakata wutar da ta rage ta sauka, na kwance akwatin gaban fasinja don in kai ga soket mai ruwan ɗorawa da ke baya. Na zura hannu, sai na ji laushi. Na haska tocila. Innalillahi! Babu jaka, babu komai, sai tsummokara da soso da aka cusa, an manne murfin da gam an goge shi fes. Ƙwan fitilar da ya kamata ya nuna matsala ma an zare shi.

Lawali ya yi dariya ya ce, "To ai an hutar da kai!" Ni kuwa ban yi dariya ba. Jaka ba ta fita haka kawai. Motar ta taɓa yin karo mai tsanani can Turai kafin a turo ta, kuma in jaka ta fashe, santir ma, wato bel ɗin da ake ɗaurawa a kujera, yakan ƙage. Masu gyaran bakin teku ba sa saya sabo, sai su zare ɗan haƙorin da ke kamawa don igiyar ta riƙa shiga da fita kamar lafiyayya. Mu kuwa a nan wa yake gwada santir? Ana yafa shi ne a kafaɗa in an hango jandarma, a wuce shinge a sake shi.

Na kama na bakin ƙofa na fizga da ƙarfi. Ya kamata ya cije nan take. Sai ya biyo ni sululu har ƙarshe kamar igiyar guga. Na direba ma haka. Na tsakiya na ƙugu ne kawai, ba ya riƙe irin wannan kujera. Na ce, "Lawali, kujerar nan santir ne ke riƙe ta. In ka taka birki, da ita da yaron gilashi za su nufa."

Ya waiwaya can gindin bango, inda Ramatu ke zaune a benci da yaron a goye, da jakar tafiyarta a gabanta. Ya rage murya ya ce, "Ka ɗaura mini ita haka nan. Zan tafi a hankali, wallahi a hankali. Kada dai ita ta ji."

Na ce ya tafi shi kaɗai yau, su biyo daga baya. Ya ce, "Ni ta gaji da ganina. Yaron take kira."

Na samu patoro a ofis na faɗa masa. Alhaji Bukari ya ce, "Idi, ka faɗa wa mai mota gaskiya, ka sauke nauyi. Motarsa ce, iyalinsa ne. Ba a tsallake miji a yi magana da matarsa, ka sani." Na ce na sani, amma hannuna ba zai ɗaura kujerar ba. Ya dube ni ya ce, "Wannan kuma hannunka ne."

Ina fitowa na tarar Ramatu ta taso ta tsaya bakin motar. Ba ta dubi mijinta ba. Ni ta duba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Baba Idi, don Allah, zai riƙe shi?"

Lawali yana tsaye a gefena, ina jin numfashinsa. Na ce, "Ba zai riƙe ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta nufi gida a ƙasa.

Daga nan sai nema. Na hau babur na bi masu sayar da kayan tsofaffin motoci, daga unguwar Pisi har Dasasgo. Wani Bamoshe ya juya tsohon santir ɗin a hannu ya ce, "Ka be ye," wato babu, yana mamakin mai neman irin wannan abu. Motocin da muka nema aro kuwa, wata an yanke nata, wata an ƙulle shi da waya. Sai a rana ta uku na samu mai kyau a jikin wata furgo da injinta ya mutu. Na ɗaura, na fizga ya cije, na kira Ramatu ta fizga da hannunta, sannan na ɗaura kujerar.

Suka kama hanya, sun kai garin Fada suna shan mai aka bugo wa Lawali. Tsohuwa ta cika da hantsi. Ko jana'iza ba su tarar ba.

Da suka dawo bayan sadakar bakwai na je masa ta'aziyya. Muka yi addu'a, muka shafa. Ina jiyo kukan yaron daga ciki. Lawali ya ce, "An ce har ta daina gane mutane, amma duk wanda ya shigo sai ta ce, sun taso?"

Na ce, "Lawali, ka yafe mini."

Ya ce, "Ban riƙe ka da komai ba, Malam Idi. Amma kada ka jira godiyata. Ban iya ba tukuna."

Bai ƙara kawo mota garajinmu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ba su yi haɗari a tafiyar ba, ko birki mai ƙarfi bai taka ba, don haka ba ni da abin da zan nuna in ce ga abin da na hana. Mai yiwuwa da sun tafi a ranar farko da sun isa lafiya, tsohuwa ta rungumi jikanta. Wannan tunani ya daɗe yana cin raina, har yau kuma bai bar ni ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wannan sana'a in ka yi daidai sau da yawa ba abin da ke faruwa, ba wanda zai gani, sai dai a ga abin da aka rasa saboda kai. Mutanen da ke zuwa mana ba mugaye ba ne, gaggawa ce da tsoro ke koro su. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai roƙe ka da hawaye ka ce abu ya yi, alhali bai yi ba, kuma akwai mai jiran amsarka da ɗa a bayanta. Ka faɗi gaskiya, ka koma gida da nauyinta.