Takin da Kawu Ya Bari

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ba za a kira shi mutumin kirki ba, amma ni ina son sa a haka. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ka taka shi sai ya yi maka murmushi, ya ajiye abin kamar iri a rumbu.

Yana da amini tun na ƙuruciya a Karare, wanda ya ba shi aron gona a bakin gari. Fako ce a lokacin. Kawu ya yi shekaru yana jidar taki da jaki, da rani ya roƙi Fulani su kwantar da shanu a ciki. Shekarar da gero ya fi mutum tsawo, sai ga aminin bayan kaka. Ya gaishe shi har da tambayar lafiyar jaki, sannan ya ce yana son gonarsa.

"Ai taka ce," in ji Kawu. "Takin da na tara ma na bar maka. Ni zan watsa shi da hannuna."

Har yabonsa aka yi a ƙofar masallaci. Ashe ya bi gonakin mutane ya tsinko busasshen ƙuduji, ciyawar nan da ke tsotse gero tun daga saiwa, ya murje irin a cikin takin. Da bakinsa ya gaya mini daga baya, yana dariya har da tari. Ni ma na yi dariyar, don aminin ya ba ni haushi ƙwarai.

Ba a daɗe ba gonar ta cika da fure gwanin kyau, geron kuwa ya tsaya iya gwiwa.

Sai 'yar Kawu da ɗan aminin suka daidaita kansu. Kawu bai da dalilin hanawa da zai iya faɗa a gaban mutane, aka ɗaura aure. Aminin ya rasu, ɗan ya gaji gonar. Daga baya daji ya lalace da 'yan bindiga, gonakin nesa suka gagari kowa. Abincin jikokin Kawu ya dawo kan gonar nan tilo.

Bara na je da damina, na sami Kawu a gonar a tsugune yana tuge ƙuduji, gemu fari fat. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka. Muna nan 'yarsa ta kawo fura, da goyo a bayanta.

"Baba, ka huta haka," ta ce. "Kowa na cewa zuba mana shi aka yi. Ni dai wanda ya hana 'ya'yana tuwo, Allah ya isa."

Kawu bai ɗago ba. "Ki yafe masa, 'yar nan."

"Wallahi Baba ban yafe ba," ta ce, ta miƙa masa ludayi.