Kaucin da Na Dasa a Gwangwanin Madara

Shekarar da ciwon ƙafa ya kawo Kaka gidanmu na Lafia daga Adogi, ina da shekara goma, kuma a ganina duk jihar Nasarawa babu mai dabarata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Kullum bayan magariba takan ja kujerarta kusa da murhu, ta tura doya cikin garwashi, mu yara mu kewaye ta. Doyar ce ke kawo ni, labarin kuma ya hana ni tashi.

Matsalar ita ce Kaka ba ta son zaman gidanmu. Ta ce Baba ya malale tsakar gida da siminti kamar yana gaba da ƙasa. A Adogi, in ji ta, kukan sha-kauci ke tashinta da safe, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da wuya mai ƙyalli, amma a nan sai janareton maƙwabta. Da zarar ƙafa ta warke za ta koma. Ni kuwa na san in ta tafi, doya ta tafi, labari ya tafi, sai dai mu zauna muna kallon Baba yana kallon talabijin.

Wata rana ta ba mu labarin Kauci. Wai ranar da aka raba wa tsirrai ƙasa, kowa ya yi sammako. Doya ta kama tudu, shinkafa ta kama fadama, ƙaya ma ta samu bakin hanya. Kauci ya tsaya rina hularsa ja, kafin ya iso ko wurin soka tsinke babu. Yana cikin kuka sai wani ɗan tsuntsu ya ɗauke shi a baki, ya goga shi a reshen ɗorawa, ya roƙa masa masauki. Ɗorawa ta yarda. Kauci ya yi fure ja kamar kan ashana, yana ba tsuntsun zuma, malam-buɗe-littafi na zuwa lasar saura. Sai dai duk ruwan da yake sha na ɗorawa ne.

"Ga kyau, Takwara," in ji Kaka, tana juya doya da yatsu kamar wuta ƙanwarta ce, "amma har gobe a gidan wani yake kwana."

Wannan ƙarshen ta bayan kunnena ya wuce. Abin da na ɗauka kawai shi ne kauci zai kawo tsuntsu, tsuntsu kuma zai riƙe mini Kaka.

Washegari bayan makaranta na hau wata ɗorawa a bayan unguwa, na karyo kauci, na bar mata rabin fatar gwiwata. Na dasa shi a gwangwanin madara. Na ba shi ruwa, na ba shi kashin akuya, har shayina na raba da shi. Kwana uku ya koma tsintsiya. Na sake, ya sake. Da gwangwani ya kai bakwai, Baba ya tambaya ko maƙabartar itatuwa na buɗe masa a gida. Na kai kuka wurin Kaka, ta ce da kunnena ba ya kan doya, da na ji cewa ba a ƙasa tsuntsun ya ajiye shi ba. Sannan ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

To, sai na zama tsuntsu, mafi girma a tarihin Lafia. Na tsinko 'ya'yan kauci, na matse ƙwayarsu mai yauƙi kamar majina, na bi rassan lemon Baba ina gogawa. Bishiyar ke nan tilo a gidan, kuma Baba yana ji da ita fiye da mu 'ya'yansa. Bayan 'yan makonni wasu suka kama, suka fito da ɗan kore. Ban gama rawar murna ba Baba ya gani. Ya ɗauko wuƙa ya kankare su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan abin ne ke kashe lemo, yana tsine wa tsuntsayen da suka kawo shi. Ina tsaye a gefe ina cewa amin.

Ɗaya ya tsira, can sama inda idon Baba bai kai ba. Amma kauci bai san gaggawa ba. Na lallashe shi, na zage shi, na yi masa alkawarin shayi da madara, ganye biyu ya ƙara. Ƙafar Kaka ta riga shi, ta warke. Da na ga ana ɗaure kaya, na ɓoye mata takalmi ƙafa ɗaya a bayan randa. Ta dube ni, ta zura silifas ɗin Baba, ta shiga mota.

Sai da damina biyu ta wuce sannan ya ga damar yin fure. Wata safiya na ji wani siririn kuka, na fito da buroshi a baki, ga sha-kauci yana lilo a jikin jan furen, ga malam-buɗe-littafi biyu suna jiran layi. Ban ko kurkure baki ba na ruga tasha, na ba direban Adogi saƙo: tsuntsunta ya iso, ta dawo.

Da yamma ya kawo amsa, yana dariya tun daga nesa. "Ta ce in gaya wa Takwara ta gode. Ta ce ita ba kauci ba ce, tana da ƙasarta. Wai in labari kike so, ga motata nan kullum."

Na yi kwana uku ina fushi da ita, da tsuntsun, da direban. Yanzu da nake shekara sha shida na gane ba darasin shuka ta ba mu a bakin murhu ba. Halin da take ciki ta faɗa mana a gaban kowa, ni kuma na tafi neman gwangwani.

Reshen lemon ya bushe, Baba har yau tsuntsaye yake zargi. Duk hutu ni ke shiga mota zuwa Adogi, kuma kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambayi takalminta. Yana nan bayan randa. Na ce mata ta zo ta ɗauka da kanta.