Gonata a Cikin Akwatin Autata

Shekarar da gero ya ƙare mana tun bazara ba ta yi nisa ba, ɗan iri ne kawai ya rage a ƙasan rumbu. In na yi binne, wato na shuka a busasshiyar ƙasa ina jiran ruwa, yayyafi ya tsirar da shi rana ta ƙone, to babu na sakewa.

Lokacin autata ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun yanayi. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, na harɗe gaban kwamfutarta kamar alƙali.

"To Malama, nuna mini damina."

Ta nuna mini wasu manyan igiyoyin iska da ke tasowa daga gabas, su ratsa Chadi, su bi ta kanmu su yi yamma, hadari na tafe tare da su. Ta ce da lissafi ake gina sararin sama a na'urar, a sake shi ya yi ta tafiya. Sai dai igiyoyin cikin na'urar ragwaye ne, ba su kai na waje ƙarfi ba, ruwansu kuma kullum yayyafi.

"Ashe har a na'ura ma'aikata sun gaji," na ce. "Ina gonata?"

Ta ɗora yatsa kan wani ɗan akwati a taswira. Gumel na ciki, Maigatari, Gagarawa, har mu na Sule Tankarkar.

"Wato in an yi ruwa a kasuwar Maigatari, a wajenku gerona ya sha?"

"Baba, ba don gobe aka yi ta ba. Don shekaru masu zuwa ne."

"Shekaru masu zuwa ba sa cin tuwo a gidan nan."

Ta rufe kwamfutar. "Ban san ranar ruwa ba, Baba. Amma da ni ce, ba zan zuba irin duka ba. Bayan ruwan farko akan sha jira."

Na raba irin biyu ina mita. Yayyafi ya zo, na binnen ya tsiro, rana ta cinye shi ina kallo. Da ruwan gaske ya sauka, na shuka sauran da wannan bayan nawa da ba ya son sunkuyo. Abin da muka girbe bai kai mu wata kakar ba, amma mun ajiye iri.

Har yau in ta bugo waya takan tambaya ko an yi ruwa. Nakan ce an yi a akwatinta, sai dai ban san gonar wa ba.